Kifin da Ke Mutuwa Kafin Ya Tsufa: Nazarin Wani Aikin Bincike a Legas

Asalin lamarin

Wannan nazari ya bi diddigin aikin wata ɗaliba mai neman digirin digirgir, wadda ta tashi a Agege, kuma aka ɗora mata nauyin kafa wurin kiwon wani ɗan ƙaramin kifi a ɗakin binciken wata cibiya da ke Legas, domin a riƙa sauya masa ƙwayoyin gado ana nazarin yadda tsufa ke kama jiki. Aikin ya ci kimanin shekara biyu da rabi, kuma shekarar farko kusan gaba ɗayanta ta tafi ne a kan matsala guda: kifayen suna mutuwa tun kafin su tsufa.

Sunan kifin a kimiyyance Nothobranchius furzeri, kuma asalinsa kududdufan kudu maso gabashin Zimbabuwe ne da kudancin Mozambik, waɗanda ke cika da damina su ƙafe ƙaf da rani. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Da yake ruwan da yake rayuwa a ciki ba ya wuce 'yan watanni, komai nasa cikin gaggawa yake: a ɗakin bincike yana balaga cikin mako uku zuwa huɗu, ya yi ta zuba ƙwai kullum, launinsa ya dushe, bayansa ya lanƙwashe, ya mutu yana da wata huɗu zuwa shida. Duk wanda ya san gaiwa ya san kifin da ke shige wa rani a cikin busasshen taɓo, sai dai ita gaiwa da ranta take kwanciya, shi kuwa wannan iyayen mutuwa suke yi, ƙwan ne ke zama a ƙasa da ɗan tayi a ciki, girmansa ya tsaya cak har ruwa ya dawo. Nau'in da aka fi amfani da shi, wanda ake kira GRZ, ya samo asali ne daga kifayen da aka kamo a gandun dajin Gonarezhou na Zimbabuwe a 1968.

Gajeren ran nan shi ne amfaninsa. Ɓeran ɗakin bincike yana kai shekara biyu da rabi zuwa uku, kifin zebra kuma yana haura shekara uku, don haka ɗalibin da ya sauya wata ƙwayar gado a jikinsu yana son ganin tasirinta a kan tsawon rai zai iya kammala karatunsa dabbar ba ta mutu ba. A 2003 masu bincike biyu a Italiya, Stefano Valdesalici da Alessandro Cellerino, suka ba da rahoton cewa wannan kifi bai wuce kimanin mako 12 ba a hannunsu, suka kuma ba da shawarar a ɗauke shi don nazarin tsufa. Hanyar CRISPR-Cas9 ta yanka DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da saƙon gado kamar jerin haruffa, wadda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana a 2012 har ta jawo musu kyautar Nobel a 2020, ta iso kansa a 2015, lokacin da Itamar Harel da abokan aikinsa a ɗakin binciken Anne Brunet na Jami'ar Stanford a Amurka suka nuna yadda ake yi. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Stanford ɗaya a birnin Jena na Jamus, suka fitar da jerin DNA ɗinsa.

Ƙwayar gadon da ɗalibar ta sa a gaba ita ce tert. A bakin kowane kuromosom, wato dunƙulen zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta, akwai wani yanki da ake kira telomiya, wanda yake raguwa duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu, kuma tert ce ke ɗauke da umarnin haɗa babban sashen sinadarin da ke sake gina shi. Telomiyar wannan kifi gajeriya ce kusan irin ta ɗan Adam, saɓanin ta ɓeran ɗakin bincike wadda ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Aikin Stanford ya riga ya nuna cewa kifin da aka lalata wa tert yana samun matsala a sassan da ƙwayoyinsu ke yawan rabuwa, wato maraina da jini da hanji. Shirin ɗalibar da malaminta shi ne su fara maimaita wannan a Legas, in ya tabbata sai su wuce zuwa tambayoyin kansu.

Satumba zuwa Disamba, shekarar farko: takardu da isowar ƙwai

An fara da izini. Hukumar kare lafiya da muhalli daga haɗarin fasahar halittu, NBMA, wadda aka kafa bisa dokar 2015, ita ce ke kula da irin wannan aiki a Najeriya. An yi wa dokar kwaskwarima a 2019 ta haɗa da sauya ƙwayoyin gado, a ƙarshen 2020 kuma hukumar ta fitar da ƙa'idojin aikin. Akwai kuma takardar shigo da abu mai rai, da yarjejeniya da ɗakin binciken Turai da ya ba da ƙwan, da amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji na cibiyar.

Abin da ya fi jan muhawara a wannan mataki shi ne tsoron kuɓucewar kifin. Baƙo ne a nan, kuma Najeriya tana da 'yan uwansa na gida, irin su Fundulopanchax gardneri da Pronothobranchius kiyawensis, wanda aka sa wa suna a 1928 daga Kogin Kiyawa kusa da Katagum. Tunda ƙwansa yana jure bushewa, zubar da yashin da aka yi amfani da shi a bayan gini zai iya zama shuka kifi ba da niyya ba. Saboda haka aka rubuta a ƙa'idar ɗakin cewa duk yashi za a tafasa shi, duk ruwan da zai fita za a zuba masa bilic ya jima kafin ya shiga magudana, kuma babu kifin da zai bar ɗakin da rai. Da wannan bayanin ne ta amsa wa kawunta da take zaune a gidansa, ranar da ya tambaye ta ko aikin bai shiga taɓa halittar Ubangiji ba. Ta ce, “Kawu, ba ma ƙara masa komai daga jikin wata halitta, haruffa kaɗan muke cirewa don mu gane aikinsu, kuma ba kifin ci ba ne.” Ya ce ta dai riƙa tambayar malamai duk inda zuciyarta ta yi shakka.

Ƙwan ya iso a Nuwamba cikin 'yan robobi masu ɗauke da ƙasa mai danshi. Kowane ƙwai ya ɗan haura milimita ɗaya, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin idanu biyu masu zobe ruwan gwal, alamar ɗan tayi ya shirya fitowa. Aka jiƙa su da ruwa mai sanyi, galibinsu suka ƙyanƙyashe cikin kwana guda, aka fara ciyar da su da jariran atimiya, wato ƙananan jatan lande na ruwan gishiri waɗanda masu ƙyanƙyasar tarwada suka sani sarai. Zuwa ƙarshen Disamba mazan sun yi launi, matan sun fara zuba ƙwai.

Janairu zuwa Afrilu: mace-mace da allurar farko

An raba kifayen, kowane namiji a tankinsa saboda faɗa, aka jera tankunan a kan kanta uku, ruwa yana zagayawa ta mataci guda. Ana ɗibar ruwan daga rijiyar burtsatsen cibiyar kai tsaye. Sanyin ɗakin ya dogara ga na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya, ita kuma ta dogara ga wutar gari da babban janareton cibiyar, wanda ba a cika barinsa ya kwana yana aiki ba saboda tsadar dizal.

Mutuwa ta fara a tsakiyar Janairu, kifayen suna da kimanin mako takwas. Da farko an ɗauka tsufa ne, tunda rahoton 2003 ya ce mako 12, aka shigar da su littafi a matsayin haka. Amma rukuni na biyu, waɗanda iyayensu suka zuba ƙwansu a Legas, sun fara faɗuwa suna da mako biyar, shekarun da ya kamata a ce suna kan ganiyarsu. A Fabrairu da Maris, lokacin da zafin Legas ke kai digiri 32 zuwa 33 da rana, ma'aunin da ke cikin tankunan kantar sama yakan haura 31 da safe, alhali abin da ake so shi ne 26 zuwa 28.

Abubuwa uku aka gwada. Na farko, jefa robobin ƙanƙara cikin babban tankin ruwa da yamma, wanda ya sauko da zafin na sa'a biyu ko uku, daga nan ya sake hawa, ya zamana kifin yana shan hawa da sauka maimakon zafi tsayayye. Na biyu, zuba maganin kashe bakteriya a ruwan, bisa zaton wata cuta ce ta shigo. Wannan ya ƙara dagula lamarin, domin a cikin matacin ruwa akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa wani abu marar dafi sosai, maganin kuma bai bambance su da masu cutarwa ba. Cikin 'yan kwanaki amoniya ta hau. Na uku, canza rabin ruwan kullum, wanda ya rage amoniyar amma ya sa kifayen suna kwantawa a ƙasan tanki bayan kowane canji.

Duk da haka an ci gaba da allura, saboda wa'adin rahoton da ke kan ɗalibar. Ana sa farantin yashi a tankin namiji da mace na sa'a ɗaya ko biyu, a tace yashin da rariya, a jera ƙwan cikin 'yan ramuka da aka yi a kan daskararren agaros, wani abu mai kama da jeli, sannan a soka allurar gilashi mai ɗauke da furotin Cas9 mai yanka DNA, da wani sinadari da ake kira RNA mai yi masa jagora zuwa wurin da ake so ya yanka, haɗe da jan rini don a ga inda ruwan ya shiga. Dole a yi wannan tun ƙwan yana da ƙwayar halitta guda. Alluran an ja su ne da ma'aunin da ake yi wa kifin zebra, siriri kuma dogo, ɓawon ƙwan wannan kifi kuwa mai tauri ne, don haka ko su lanƙwashe ko su karye. Ƙwan da allura ta shiga galibi sun yi fari sun ruɓe. Kaɗan da suka rayu, da aka duba DNA ɗinsu babu ko alamar yanka. RNA ɗin ya zo ne a narke cikin busasshiyar ƙanƙara, wadda ta ƙare a hanya, ya kuma zauna a firizar da ke narkewa duk daren da aka ɗauke wuta.

Zuwa ƙarshen Afrilu manyan kifayen da suka rage ba su cika kanta ɗaya ba. Abin da ya ceci nau'in shi ne ƙwan da aka ajiye a gefe ba a jiƙa ba.

Mayu zuwa Agusta: an ajiye allura

A Mayu malaminta ya amince a dakatar da sauya ƙwayoyin gado gaba ɗaya har sai an san abin da ke kashe kifin. Da ta zana jadawalin mace-macen a kan takarda, sai ta lura ba a warwatse suke ba: kwana huɗu ko biyar babu ko ɗaya, sannan da safe guda a kwashe da yawa. Tsufa ba ya yin haka, domin ko 'yan ƙwai ɗaya ba sa tsufa su mutu rana guda.

Shaidar ta fito daga wurin maigadin dare, wani dattijo Bahaushe da ke tayar da janareto. Da ta tambaye shi ko yana tuna dararen da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ya ce, “Malama, ba sai na tuna ba, duk a rubuce suke. Ina rubuta sa'ar da aka ɗauke da sa'ar da na tayar da inji, saboda kada a zo ana tuhumata a kan mai.” Ya ɗauko wani littafi mai shafi arba'in da ya cika da ajami. Ta zauna da shi suka bi shafi-shafi, yana karantawa tana sa alama a jadawalinta. Kusan kowane tarin mutuwa ya biyo bayan daren da ɗakin ya yi sa'a biyar ko fiye babu wuta. A irin wannan daren abubuwa uku ke haɗuwa: ruwa ya ɗumama, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi; injin hura iska ya tsaya; bakteriyar mataci su shaƙe, ta yadda da wuta ta dawo injin zai turo gurɓataccen ruwan cikinsa zuwa kowane tanki.

Batun ruwa kuma wani mai ƙyanƙyasar tarwada ne a wajen Ikorodu ya warware shi, wanda kawunta ya haɗa su. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce, “'Yata, kafin ki tambayi abin da ya kashe kifi, ki tambayi ruwan jiya ina ya kwana.” Ta ce, “Baba, daga burtsatse muke ɗiba mu zuba.” Ya kai ta bayan rumfarsa ya nuna mata tankuna biyu a buɗe, iska na tafarfasa a ciki, gindinsu ya yi jan datti kamar tsatsa, ga buhun dakakken ɓawon kawa a rataye cikin kowanne. Ruwan burtsatse a wurare da dama na Legas yana fitowa da tsami da sinadarin ƙarfe, kuma ba shi da isasshen oksijin. In ya kwana yana shan iska ƙarfen yakan kwanta, ɓawon kawa kuma ya kashe tsamin. Da ta auna na cibiyar, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, yana ƙasa da 6, alamar ya yi tsami, kifin kuwa yana son 7 ko ɗan sama. Wannan ne ya bayyana kwanciyar da suke yi bayan kowane canjin ruwa.

Akwai kuma cutar da ba a gane ba sai da ta haska tanki da tocilar waya cikin duhu: jikin kifin ya yi kamar an barbaɗa masa garin gwal. Wata ƙwayar cuta ce mai manne wa fata da mashaƙa, wadda ta fi damun dangin wannan kifi a ruwa marar gishiri, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Aka fara sa gishiri marar aidin, gram ɗaya zuwa biyu a kowace lita, ta lafa.

Kuɗin da aka ware don sayen sababbin kayan allura aka karkatar da shi zuwa farantan sola da batura da inbata. Ba su isa su ɗauki dukkan ɗakin ba, don haka aka zaɓi abin da zai hau kansu: injin iska, injin zagaya ruwa, ƙaramar firiza, da ƙaramar na'urar sanyaya wani lungu da aka killace da katako mai rufi biyu. Aka saka na'urar da ke rubuta zafin ruwa kowane minti goma. Abincin manya, wato jar tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro, aka daina ɗebo ta daga kwatami saboda abin da take kwasowa, aka koma sayen daskararriya, ana ba su sau biyu a rana a lokaci guda. Zaren ɓawon kwakwa da ake kwantar da ƙwai a kai ba ya wahalar samu, tunda ga Badagry nan kusa, sai dai ana wanke shi sau da yawa a kuma dafa shi kafin amfani.

Satumba zuwa Fabrairu, shekara ta biyu: rukunin da ba a taɓa ba

Aka ƙyanƙyashe sabon rukuni daga ƙwan da aka ajiye, ba a yi musu komai ba sai kiwo da ƙirga. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 26 da 28. Har wata uku mutuwa ɗai-ɗai ce. Daga nan ta fara ƙaruwa a hankali, kusan rabinsu suka wuce wata huɗu, na ƙarshe ya kusa cika wata shida. A wannan karon aka ga abin da ba a taɓa gani a ɗakin ba, wato tsohon kifi: shuɗin jikinsa ya koɗe, ya rame ta baya, yana jinkirin tasowa in an zuba abinci. An kuma riƙa juya wuraren tankunan kowane mako tsakanin kantar sama da ta ƙasa, saboda ta sama ta ɗan fi ɗumi, kuma tun 2006 aka nuna cewa sauko da zafin ruwa daga digiri 25 zuwa 22 kawai yana ƙara wa wannan kifi tsawon rai.

Daga Maris na shekara ta biyu: komawa kan allura

An canza abubuwa uku. RNA ɗin aka saye shi a bushe, wanda ke jure tafiya, aka narkar da shi a Legas, aka rarraba shi cikin ƙananan bututu yadda kowanne sau ɗaya za a buɗe. Kafin a kai shi ga ƙwai sai an gwada shi a bututu, a haɗa shi da Cas9 da guntun DNA ɗin kifin a ga ko ya raba shi biyu. Alluran kuma aka ja su gajeru masu kauri, ana karya bakinsu a karkace don ya yi tsini.

Ba a fara da tert ba. An fara da ƙwayar gadon da ake kira tyr, wadda ke da hannu wajen yin baƙin launi, saboda sakamakonta ido ke ganinsa ba sai an kashe kuɗin karanta DNA ba. Cikin mako biyu wasu 'yan tayin suka fito da idanu dabbare-dabbare, wani wuri baƙi wani wuri fayau. Hakan ya tabbatar da cewa hannu ya faɗa, kayan aiki kuma suna da rai. Dabbare-dabbaren kansa darasi ne, domin yana nuna cewa kifin da aka yi wa allura ba duk ƙwayoyin jikinsa ne suka sauya ba, kuma waɗanda suka sauya ba iri ɗaya suka sauya ba. Ba a auna tsufa da irinsa.

Shi ya sa da aka yi allurar tert, aka bar kifayen suka balaga, aka haɗa su da waɗanda ba a taɓa ba, sannan aka yanki ɗan guntun jela daga kowane ɗa aka aika wani ɗakin gwaji na kuɗi ya karanta jerin haruffan. Cas9 yanka kawai yake yi. Ƙwayar halitta ce ke ɗinke wurin, kuma wajen ɗinkin takan zubar da 'yan haruffa. Tunda uku-uku take karanta su, zubewar haruffa uku ko shida kan bar sauran saƙon daidai, amma zubewar adadin da bai rabu da uku ba tana birkita duk abin da ya biyo baya. An samu iri biyu. Aka ajiye mai birkitawar, aka watsar da ɗayan. Aka sake haɗa shi da kifin da ba a taɓa ba, don a rage yiwuwar ɗauko wani yankan da Cas9 ya yi a inda ba a aike shi ba. Sai a Oktoba aka haɗa namiji da mace masu ɗauke da lalatacciyar tert guda-guda, kuma kamar yadda lissafin gado na Mendel ya nuna, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu suka gaji biyu.

An yi kiwon waɗannan tare da 'yan uwansu masu lafiyayyar tert, a ruwa ɗaya da abinci ɗaya, tankunan ɗauke da lamba kawai yadda mai ƙirga ƙwai bai san wane ne wane ba. Da farko babu bambanci. Da suka fara manyanta, ƙwan da mazan marasa tert suka yi wa barbara ya riƙa lalacewa fiye da na 'yan uwansu, abin da ya yi daidai da rahoton 2015. Wani kaso na ƙwan nau'in an ajiye shi a wuri mai ɗan sanyi, kusan digiri 20, inda 'yan tayin ke shiga dogon barcinsu, don ya zama jari in wani abu ya sake faruwa. Wani aikin Stanford na 2020 ya nuna cewa watannin da suka yi a wannan hali ba sa rage musu tsawon rai bayan sun fito.

Hukunci

Ɗakin bai gano wani sabon abu game da tsufa ba, kuma kifayen ba su da yawan da za a ce tert ta rage ko ba ta rage tsawon rai ba. Ɗalibar ba ta yi wannan iƙirarin a kundinta ba, kuma ta yi daidai. Abin da aka samu shi ne nau'in kifi mai tabbataccen sauyi, da jadawalin rayuwar kifin da ba a taɓa ba a ƙarƙashin yanayin ɗakin.

A ganina jadawalin ya fi nau'in daraja. Kuskuren shekarar farko na jeri ne: an ɗauki allura a matsayin ainihin kimiyyar, kiwo kuma aikin gefe. A binciken tsufa ranar mutuwar dabba ita ce ma'aunin, don haka duk abin da ke iya kashe ta ya shiga cikin gwajin ko an so ko ba a so. Da allurar Fabrairun farko ta yi nasara, da lamarin ya fi muni, domin da an samu kifaye marasa tert suna mutuwa a mako shida a kantar sama, a rubuta cewa ƙwayar gado ce ta kashe su alhali dare ne marar wuta. Tarihin kifin kansa ya isa gargaɗi: nau'in da bai wuce mako 12 ba a 2003 shi ne yake kai wata biyar ko shida a ɗakunan bincike na yau, kuma babban abin da ya canza shi ne kiwo.

Ƙanƙara da maganin bakteriya da yawan canjin ruwa sun gaza ne saboda an yi su kafin a auna komai. Gyaran da ya yi aiki kuwa kowanne ya biyo bayan wani ma'auni: littafin maigadi, takardar pH, hasken tocila, gwajin RNA a bututu, idon ɗan tayi. Mafi yawansu ba su da tsada, kuma biyu daga ciki sun fito daga mutanen da ba a sa su cikin tsarin aikin ba tun farko.

Akwai raunin da bai gushe ba. Atimiya da jar tsutsa da RNA duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Batura suna da wa'adi. Kuma mutum ɗaya ce ta iya allurar; an fara koya wa ɗalibai biyu, amma har lokacin da aka rufe wannan nazari, galibin ƙwan da suka soka ba ya kai mako guda.